Kazar da Ba Ta Iya Shan Ruwa a Kasko Ba

Abubuwan da na manta a duniya sun fi waɗanda na riƙe yawa. Wasu da gangan na sake su, wasu kuma tsufa ne ya ƙwace. Na manta lissafin da aka koya mana a aji huɗu na firamare, inda ni da boko muka rabu cikin mutunci, ba wanda ya riƙe ɗan'uwansa a zuciya. Shekaranjiya ma sai da na tayar da gida ana neman hulata, ashe tana kaina. Amma wata Juma'a guda ta bazara, da wata kaza tsirara da ta kusa raba matata da yayanta har abada, wannan kam ba zan manta ba, ko da na kai lokacin da sai an tuna mini sunana.

Bari in fara da wuƙa, don ita ce tushen maganar. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ne mai yanka a unguwarmu, a wani ƙauye arewa da Kano inda gonar wannan take manne da ta wancan, har in ka yi atishawa kana noma maƙwabcinka ne zai amsa maka. Ba mahauci ba ne, manomi ne kamar kowa. Sai dai in suna ya tashi, ko layya, ko wata ta yi baƙo tana so a yanka mata kaza, gidanmu ake aikowa. Yana da ƙa'idodinsa. Ba ya wasa wuƙa a gaban dabba, ba ya yanka ɗaya 'yar'uwarta tana kallo. Amma abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne ruwa. Kafin wuƙa ta kusanci wuya, sai an ajiye wa dabba ruwa ta sa baki da kanta, ya ga maƙogwaronta ya motsa. Ɗura ba ta cikin lissafinsa. Yakan ce wanda aka ɗura wa ruwa ba a shayar da shi ba, an dai ƙara masa wahala ne.

Ina saurayi na taɓa yanka zabo ina sauri, ban ba shi ruwa ba. Tsohon bai doke ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Da aka dafa aka kawo, sai ya tura kwanon gabana ya ce in cinye ni kaɗai, shi ba ya cin naman wanda ya tafi da ƙishirwa. Ya zauna yana kallona har na gama. Ban taɓa cin nama mai wuyar haɗiya irin wannan ba. Da zai rasu, wuƙar ya ba ni, mai ƙotar ƙaho, ya ce in riƙe ta yadda na ga ya riƙe. Daga baya na tambayi wani malami, ya ce shayar da abin yanka kyautatawa ce, ba farilla ba, naman halal ne ko an ba da ruwa ko ba a bayar ba. Na yarda da malam, don ni karatuna na allo bai kai in yi masa gardama ba. Sai dai ba malam ne ya ba ni wuƙar ba.

To, sai maganar matata, uwar 'ya'yana, Allah ya haskaka kabarinta. Ita da yayanta su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ita ce auta. Da aka raba musu gonar gado, sai wata bishiyar ɗorawa ta faɗo daidai kan iyaka, gindi a wajensa, rabin rassa a wajenta. Wata shekara ya sa aka kaɗe ɗorawar duka aka kai gidansa, bai aiko mata da ko ƙwarya ɗaya ta kalwa ba. Ita ta haƙura. Ni ne dai, da bakin nan da Allah ya ba ni wanda bai zo da birki ba. Ranar sunan jikana, an ajiye tire ana ci, mutane cike da ƙofar gida, sai na ce a riƙa ɓoye tukunya in surukina ya shigo, don mutumin da ya iya cinye daddawar ƙanwarsa tun tana kan bishiya ba a san inda zai tsaya ba. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya zare hannunsa daga tire, ya wanke, ya ce in Allah ya yarda hannun nan ya gama shiga abincin gidana.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Shekara tara muka yi a haka. In mun haɗu a jana'iza mu gaisa kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Matata tana zuwa gidansa da salla, ya amsa gaisuwarta, amma tuwon sallar da take aikawa yadda ya tafi haka yake dawowa, an rufe da faifansa. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk ranar da kwanon ya dawo, takan daɗe a bayan ɗaki tana wanke abin da ba shi da dauɗa.

Sai Allah ya kira shi Makka. Ban san abin da ya gani a can ba, amma bayan ya dawo da 'yan watanni ya aiko da saƙo cewa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai biyo, kuma zai ci abincin rana a gidan ƙanwarsa. Zai ci, haka saƙon ya ce. Matata ta sa aka maimaita mata sau biyu.

Tun daga Laraba gidan ya zama kamar za a karɓi gwamna. An share har ƙarƙashin rumbu, an fito da sabuwar tabarma, an surfa gero an niƙa. Ni kaina an gargaɗe ni cewa ranar in bar bakina a aljihu. Matsala ɗaya ce. Da sanyin shekarar annobar kaji ta bi garin ta share, ko zakaran da zai tashe mu da asuba babu, ladan shi kaɗai yake fama. Mahaucinmu kuwa ranar kasuwa kawai yake yanka. A wajenmu kuma, baƙon da ya yi shekara tara bai ci abincinka ba, ka ajiye masa miya ba nama, ai ka sake zaginsa ne a cikin kwano. Matata ta ji labarin wani babban gidan gona a hanyar Ɗanbatta yana sayar da tsofaffin kajinsa masu ƙwai waɗanda suka rage yi. Ranar Juma'a ina sallame sallar asuba ta jingine mini kekena a bakin zaure.

Na sha wuce wurin nan, ina ganin dogayen ɗakuna masu rufin kwano, amma ban taɓa shiga ba. Manajan, wani mutum mai fara'a da farar riga, ya ce in jira a bakin ƙofa a kawo mini. Na ce masa ni ban taɓa sayen kaza ban ga tafiyarta ba, ban latsa ƙirjinta ba. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai namu ba sa tafiya." Na zaci zolaya ce, ni ma na yi dariya. Da ya ga na kafe, sai ya ce in zo, amma sai na tsoma takalmina a wani ruwan magani da ke bakin ƙofa. Na tsoma, na ce masa yau na ga wurin da takalmi ke alwala mai shi bai yi ba.

Dariyar a bakin ƙofa ta tsaya. Wari ne ya fara tarbata, irin wanda ke shiga ido kafin hanci. Sannan ƙara, kamar kasuwa ta ci amma ba mutum ko ɗaya. Kejuna ne na waya a jere, wani kan wani, tun daga inda nake tsaye har inda idona ya gaza. A kowane keji kaji huɗu ko biyar, a matse, in ɗaya za ta juya sai sauran sun yarda. Ƙarƙashin ƙafarsu waya ce, ba ƙasa ba. Ƙwai in ya faɗo sai ya gangaro gaba da kansa, uwarsa ko waiwayarsa ba ta samun yi. Ga fitilun lantarki a sama, manaja ya ce sukan bar su a kunne bayan rana ta faɗi don kajin su ɗauka yini bai ƙare ba su ci gaba da aiki. Na tambaye shi ina zakarun. Ya ce babu, ba a bukatarsu. Na ce to lallai wannan gari ne da ba a taɓa ɗaura aure ba. Ya yi dariya, ni kuwa na faɗa ne kawai don in ji muryata.

Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Ya yi mini bayani da kyau, ya ce mutanen birni sun yi yawa, kajin gida ba za su ishe su ba, kuma da wannan aikin mutane da yawa suke ciyar da iyalinsu. Gaskiya ya faɗa. Ni ma na sha cin ƙwan da ban tambayi uwarsa ba. Ya buɗe keji ya jawo ɗaya ya miƙo mini. Na latsa ƙirjinta, ƙashi ya amsa. Wuyanta ba gashi, bayanta ba gashi, zankonta ya yi fari ya kwanta gefe, faratanta sun yi tsawo sun lanƙwashe. Bakinta kuma an datse tsininsa tun tana 'yar tsako, wai don kada su tsattsage juna saboda matsi. Na duba sauran, duk ɗaya suke. Na biya, na sa ta a kwando, na rufe da tsumma saboda rana, na hau keke.

Da hantsi na iso gida. Matata ta riga ta ɗora ruwan figa a wuta, ta jajjaga kayan miya. Ta leƙa kwandon ta ce wannan ai an fara fige ta tun a can, an rage mata aiki. Na ɗauko wuƙa na je bayan rumbu na wasa, na dawo na ɓoye ta a ƙugu. Na ɗauko kaskon ruwan kajinmu da suka mutu, na wanke, na cika da ruwan randa mai sanyi. Na ajiye kazar a ƙasa a inuwar darbejiya.

Ba ta gudu ba. Kazar gida in ka sake ta sai ka tara unguwa kafin ka sake kama ta. Wannan ta tsaya inda na ajiye ta, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta duba, ta mayar, ta ɗaga ɗayar, kamar ƙasar tana ƙona ta. Sai ta durƙushe. A lokacin ne na gane wannan halitta tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Na tura mata kaskon gabanta. Ta kalle shi kamar yadda nake kallon takardar asibiti. Bakinta a buɗe, tana haki, ƙishirwa tana cinta, ga ruwa a gabanta, amma ba ta san ruwa ne ba. Na kaɗa shi da yatsa. Na tsoma bakinta a ciki, ta fizge ta girgiza kai. Na watsa gero, ta kai sara sau biyu, guntun bakin ya kasa ɗauka, ta haƙura.

Matata ta fito daga madafa ta ce ruwan figa ya tafasa har ya fara ƙonewa. Na ce ba ta sha ba tukuna. Ta koma. Ta sake fitowa ta ce in buɗe bakin in zuba mata, ai ruwa ruwa ne. Na ce ɗura ba shayarwa ba ce. A fitowa ta uku ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, bakinka ne ya kore shi shekara tara. Yau kuma wuƙarka ce za ta kore shi?"

Wallahi na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na zaro wuƙar, na kama kazar, na taka fikafikanta, na juya ta gabas. Ba ta ko motsa ba. Ta miƙa mini wuyan nan tsirara, bakinta a buɗe, harshenta a bushe. Sai na ga kwanon zabon nan a gabana, da tsohona zaune yana kallona. Na ɗaga ƙafata. Na ce wa matata ta yi haƙuri, hannuna ya ƙi. Ta ce to a kira maƙwabci ya yanka. Aka leƙa, maza duk sun kama hanyar masallacin Juma'a, don a garin gaba yake, sai an yi tafiya. Ta dube ni, ta dubi kazar, ta je ta sauke ruwan figa ta zubar a bayan ɗaki. Ta ce in tafi masallaci, in roƙa mata abin da za ta gaya wa yayanta.

Ban san abin da liman ya faɗa a huɗubar ranar ba. Allah ya yafe mini, ina sahu amma raina yana gindin darbejiya. Da aka sallame na sami surukina a bakin masallaci, da farar hularsa ta Makka da carbi. Muka gaisa, na yi masa barka da dawowa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Muka kamo hanya a ƙasa ina tura keke. Mun yi maganar zafi, mun yi maganar taki. Hanyar ta bi ta kusa da ɗorawar nan, tana ɗauke da 'ya'ya har rassan sun sunkuya, mu biyu duka muka sami abin kallo a ɗaya gefen.

Matata ta tarbe shi da murmushin da ni kaɗai na san abin da ke bayansa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce, "Auta, kin tsufa." Ta ce ai shi ya fara. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwa, aka kawo buta da ruwan sha, sannan tuwon gero da miyar kuɓewa busasshiya, ta zuba man shanu har yana ƙyalli. Ya wanke hannu. Ya buɗe kwanon miya, ya sa yatsa ya juya ta sau ɗaya, ya sake juyawa. Na san abin da yake nema, shi ma ya san na sani. Ya zare yatsan ya riƙe shi a sama, bai kai baki ba. Matata tana tsaye a ƙofar madafa ta damƙe gefen zaninta. Na ga fuskarsa ta fara komawa irin ta ranar sunan nan.

A daidai lokacin kazar ta yi wani ɗan kuka daga gindin bishiya, irin na wanda ya gaji da kiran taimako. Ya waiwaya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya wannan kuma wace irin halitta ce, kaza ce ko hukunci. Na ce masa naman miyarsa ke nan, yana kallonsa da ransa. An ce in bar bakina a aljihu, amma na ga in ban fito da shi ba yau komai ya lalace. Na ba shi labari tun daga ruwan magani har zuwa kasko, ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Na ce masa laifin nawa ne, ba na ƙanwarsa ba, tun Laraba take shirin zuwansa. In zai yi fushi ya yi da ni, na riga na saba.

Ya sake duban kazar. Shi mutum ne da ya yi kiwon tattabaru tun yana saurayi, ya san tsuntsu fiye da yadda ya san mutane. Ya tashi da babbar rigarsa ta Juma'a, ya je ya tsuguna a gaban kazar. Ya ɗaga fiffikenta, ya duba bakin, ya yi tsaki. Sai ya tambaye ni, a can gidan gonar da me suke shan ruwa. Na buɗe baki zan ce da kasko mana, sai na tuna ban ga kasko ko ɗaya ba. Abin da na gani wani dogon bututu ne ya bi ta saman kejin, a jikinsa 'yan ƙananan ƙarafa, in kaza ta miƙa wuya ta taɓa sai ɗigo ya sauko mata. Na gani da idona da safe, amma kaina bai ɗauka ba. Na gaya masa.

Ya ce, "Shekara nawa kana yanka, ba ka san ana tambayar baƙo yadda ake yi a garinsu ba? Miƙo mini butar nan."

Ya ɗaga butar wanke hannu sama da kanta, ya karkata ta a hankali har ɗigo ɗaya ya taru a bakin butar yana rawa, bai faɗo ba. Kazar ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya. Matata ta matso. Sai ta miƙa wuyan nan tsirara ta sari ɗigon. Ya sake tara wani, ta sara. Na ga maƙogwaronta yana motsi. Ta yi ta sha, yana ta riƙe da buta, gefen rigarsa yana cikin ƙasa bai kula ba. Dattijo da ya je Makka ya dawo, ga shi tsugune yana yi wa kaza hidima, ni kuma na tallafe masa gwiwar hannu don kada ya gaji. Shekara tara ban taɓa jikinsa ba sai ranar.

Da ta ƙoshi ta yunƙura ta miƙe, ta yi taku biyu kamar mai koyon tafiya. Na ce to alhamdu lillahi, ta sha, sharaɗi ya cika. In Alhaji zai ƙara haƙuri kaɗan, kafin la'asar nama yana cikin miya. Na kai hannu ƙugu.

Ya ce, "Mayar da wuƙarka. Ni na riƙe mata buta, ba zan ci ta yau ba. Ta yi wa mutane aiki tun tana yarinya, a bar ta ta ga yadda rana take faɗuwa ko sau ɗaya ne."

Ya koma kan tabarma, ya sake wanke hannu da sauran ruwan butar, ya yi bismilla, ya yanki tuwo ya dangwali miya ya kai baki. Matata ta juya ta shige madafa da sauri, wai hayaƙi ya shiga idonta, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Ya cinye tuwon nan tas, ya nemi ƙari. Yana suɗe hannu ya ce miyar ta yi daɗi, sai dai daddawar ta yi kaɗan, zai sa a kawo kalwa in an kaɗe ɗorawa. Na ce to a kawo da rana, kowa ya shaida. Matata ta harare ni daga madafa. Shi kuwa ya yi dariya har da tari, dariyar da ya ci bashinta... a'a, dariyar da ya riƙe tun ranar suna.

Da zai tafi ya ce Juma'a mai zuwa zai biyo ya ga ko ɗalibarsa ta iya shan ruwa a kasko. Ya zo. Ya kuma zo ta gaba. Kazar ce dalilin da yake faɗa, mu kuma ba mu taɓa nuna mun gane ba. Na sa mata suna 'Yar Fansho, tunda ta gama aikin kamfani ta dawo ƙauye hutawa. Kwana huɗu muna shayar da ita da buta kafin ta yarda da kasko. Wajen wata guda ta fara tono, da farko kamar mai jin kunya. Ranar da ta fara birgima a cikin ƙasa, ta baje fikafikai a rana ta lumshe ido, matata ta kira ni daga zaure da gaggawa na zaci wani abu ne ya faru. Muka tsaya mu biyu, tsofaffi, muna kallon kaza tana wanka da ƙasa kamar muna kallon jika ya fara tafiya. Gashinta ya fito ja, zankonta ya miƙe. Abu biyu ne ba ta taɓa koya ba, tsoron shirwa da kwanci. In shirwa ta gilma sauran kajin da muka sayo daga baya su watse, ita sai ta tsaya tana kallon sama. Ƙwai kuwa takan yi shi ta tashi ta bar shi, tana jiran ya gangara.

Kada ku zaci labarin zai ƙare da cewa ta mutu da tsufa an yi mata zaman makoki. Mu ba haka muke ba. Damina biyu ta yi a gidanmu. A ta biyun ne ciwon matata ya tsananta, abinci ya daina shiga, wata Juma'a yayanta yana zaune a bakin gadonta ta ce romon kaza take sha'awa. Na ce bari in kamo ɗaya daga cikin matasan. Ta ce a'a, 'Yar Fansho take so, su ƙananan ba su ga komai ba tukuna, ita kuwa ta sha rana, ta sha damina, ta ci rabonta. Na wasa wuƙa a bayan rumbu. Na ajiye kasko. Ta zo da ƙafarta, ta sa baki ta sha, ta ɗaga kai sama ta haɗiye kamar kowace kazar kirki. Yayan matata ne ya riƙe mini ita, yana shafa bayanta. Na ambaci sunan Allah, hannuna bai ƙi ba. Naman ya yi tauri kamar igiyar guga, amma romon ya yi daɗi. Cokali biyar ta sha, shi yake ba ta a baki. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu, yana riƙe da hannunta.

Yau su biyun duka suna ƙasa, ɗorawar tana nan, jikokinsa da nawa suke kaɗe ta tare. Ni kuma ban daina cin nama ba, haƙora ne kawai suka rage mini ƙwazo. In 'ya'yana sun zo daga birni sukan kawo kaza a leda, an fige, an daskare ta kamar dutse. Nakan tambaye su ko ta sha ruwa kafin a yanka ta, ko ta taɓa taka ƙasa. Su yi ta dariya su ce Baba ya fara. Nakan ci, don ba na wulaƙanta abin da aka kawo mini, amma nakan yi jim kafin loma ta farko.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mu mun iya tambayar yadda aka yanka dabba, wa ya yanka, ya ambaci sunan Allah ko bai ambata ba. Tambaya ce mai kyau. Amma yankan nan ƙiftawar ido ne, rayuwar da ke gabansa ita ce mai tsawo, kuma ita ce ba mai tambaya. Allah ya halatta mana naman, ban ji inda ya halatta mana mu hana mai naman ƙasa da rana da juyawa ba. Wuƙar tsohona tana nan a ƙarƙashin katifata. Wanda zan ba shi ita na riga na gaya masa, in ya ajiye ruwa dabba ta ƙi sha, kada ya yi saurin cewa ba ta jin ƙishirwa. Ya fara tambayar inda ta fito.